Dogon Bene Da Tsohon Gari: Tun Ran Gini Ran Zane

 

A makon jiya na yi baƙo daga Kano, wani abokina na tun ƙuruciya, haifaffen cikin Birni, wanda iyayensa da kakanninsa magina ne. Bayan mun sauko daga sallar Juma'a a Masallacin Ƙasa, sai na ga ya kamata in zagaya da shi tsakiyar Abuja ya ba idonsa abinci. Muka bi ta gaban benaye huɗun nan na Kamfanin Mai na Ƙasa, muka wuce hedkwatar Babban Bankin Nijeriya, muka gangara wajen tashar jirgin ƙasa ta cikin gari inda dogayen benayen gilashin nan biyu na World Trade Center suke tsaye, ɗaya na gidajen kwana mai hawa 24, ɗaya kuma na ofisoshi mai hawa 22. Na gaya masa cewa tsarin da masu wurin suka bayyana tun farko ya ƙunshi gine-gine takwas, har da otal mai hawa 37. Ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba, sa'an nan ya juyo ya ce mini: "Malam, ku kam kun huta. Garinku ba shi da tsohon da za a take wa ƙafa, duk inda aka ga dama sai a dasa bene. Amma da wani mai kuɗi zai zo da irin wannan ya ce zai kafa shi a gefen Kasuwar Kurmi, me kake gani za mu ce masa?"

Wannan magana ta abokina ta ƙi barina in sake har yau, domin kuwa abu biyu ta ƙunsa. Na farko, shin gaskiya ne Abuja ba ta da tsohon da za a take wa ƙafa? Na biyu, wace amsa ce ta dace a ba mai kuɗin da ya zo da dogon benen ofisoshi yana neman wuri a tsakiyar tsohon gari? Su nake so mu duba tare a wannan fili.

Abuja Ma Tana Da Jiya

Kamar yadda kowa ya sani, a watan Agusta na 1975 ne marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, Allah Ya jiƙansa, ya naɗa kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda don ya duba ko Ikko za ta iya ci gaba da zama hedkwatar ƙasa. Ran 3 ga Fabrairu, 1976, ya sanar da jama'a cewa za a gina sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, aka kafa Doka ta 6 ta wannan shekara, aka yanko ƙasa daga Jihohin Neja da Filato da Kwara. Bayan kwana goma aka kashe shi. A 1979 wani gungun kamfanonin Amurka mai suna International Planning Associates ya miƙa babbar taswirar birnin, sa'an nan aka ɗora wa shahararren mai zanen gine-ginen nan na ƙasar Japan, watau Kenzo Tange, aikin tsara tsakiyar gari dalla-dalla. Gwamnatin Tarayya ba ta tare ba sai ran 12 ga Disamba, 1991, a zamanin Janar Ibrahim Babangida. Daga 1976 zuwa 2026 shekara hamsin ke nan, kuma mutum in ya kai hamsin ba a ƙara ce masa yaro.

Abin da masu taswira suka yi shi ne, sun shimfiɗa tsakiyar gari a kan miƙaƙƙen layi guda wanda ya taso daga gindin Dutsen Aso. A can sama aka ajiye Majalisar Dokoki da Fadar Shugaban Ƙasa da Kotun Ƙoli. Daga nan sai ma'aikatun gwamnati, sai yankin al'adu inda Masallacin Ƙasa da Majami'ar Ƙasa suke duban juna, sa'an nan yankin ciniki da ofisoshi. Ba duk abin da Tange ya zana aka gina ba, amma ƙashin bayan tsarin yana nan. Manufarsa kuwa ita ce duk wanda ya tsaya a tsakiyar gari ya ɗaga kai, abin da zai fara cika masa ido shi ne dutsen da Allah Ya dasa, mai tsawon kimanin mita 400, sa'an nan ƙubbar majalisa, sa'an nan hasumiyoyin wuraren ibada. Wannan jeri shi ne gadon Abuja. Ba a gina shi da tubali da makuba ba, amma gado ne, kuma bene guda da aka dasa a inda bai kamata ba ya isa ya tare shi har abada.

Ban da wannan, akwai tarihin da ya girmi taswira nesa ba kusa ba. Sunan Abuja kansa aro aka yi. Asalinsa na garin da Abu Ja, ƙanen Sarkin Zazzau Muhammadu Makau, ya kafa ne a 1828, bayan jihadi ya fitar da gidansu daga Zariya. Da aka ba sabon birni sunan, sai tsohon garin ya koma Suleja, don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau. Ƙasar da aka gina birnin a kanta kuwa ta Gbagyi ce da Gade da Koro da Gwandara da Bassa da sauran maƙwabtansu. Garki da Wuse da Maitama da Asokoro da Jabi, waɗanda a yau kuɗin fuloti guda a cikinsu yake firgita mai albashi, duk sunayen garuruwa da ƙauyukansu ne. An kwashe mutanen Wuse zuwa Sabon Wuse a Jihar Neja, an kai na Maitama Kubwa. A 1992 gwamnati ta ce za ta gwada barin tsohon garin Garki a inda yake a haɗe shi da birni, a 1999 kuma aka sake shawara aka koma maganar tayarwa. Ga shi nan dai har yau da fadar sarkinsa da lungunansa da kasuwarsa, benaye sun kewaye shi, ba a tashe shi ba, ba a kuma gyara shi yadda ya kamata ba. Saboda haka na ce wa abokina, Abuja tana da tsohon da ake take wa ƙafa, sai dai shi tsohon ba shi da bakin yin ƙara.

Tsawo Ba Laifi Ba Ne

Kafin wani ya ɗauka cewa ni maƙiyin bene ne, bari in faɗi ra'ayina a fili. Tsakiyar Abuja tana bukatar benaye, har ma fiye da waɗanda take da su yanzu. Duk wanda ya taɓa kwana a Nyanya ko Mararaba ko Kubwa, ya fito da asuba ya shiga cunkoson motoci don ya isa ofis, ya san abin da shimfiɗa gari a ƙasa kamar tabarma yake jawowa. Filin da aka kashe maƙudan kuɗi aka kai masa titi da ruwan famfo da lantarki da lambatu, ɓarna ce a bar shi da ciyawa ko a gina masa gida mai hawa ɗaya. Yankin ciniki na tsakiyar gari don benaye aka ware shi tun farko, saboda haka wanda ya gina bene a can bai saɓa wa taswira ba.

Haka kuma tsawo ba baƙon abu ba ne a ginin gargajiya. Hasumiyar Gobarau ta Katsina ta shafe ɗaruruwan shekaru a tsaye. Hasumiyar babban masallacin Agadas a Jamhuriyar Nijar, wadda da ƙasa zalla aka gina ta, ta kai mita 27, kuma a 2013 Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin jerin wuraren tarihi na duniya. A garin Shibam na ƙasar Yaman akwai gidajen ƙasa masu hawa biyar, shida, har fiye da haka, mutane na zaune a ciki. Sai dai a lura da abu guda. A garuruwanmu na dā, ginin da ya fi kowanne tsawo na jama'a ne: masallaci, ko ƙofar gari, ko soron ƙofar fada. Attajiri yakan yi soro mai bene, ya ƙawata shi da zane da zankwaye, amma ba ya ɗaga shi har ya shafe hasumiya. Tsawo magana ce da gari yake yi, yana gaya wa baƙo abin da mutanensa suka fi girmamawa. To, idan benen banki ko na kamfani ya zama shi ne abin da ake fara hangowa, garin ya sake magana ke nan, ko mutanensa sun yarda ko ba su yarda ba.

Gani Ga Wane

Ba mu ne farkon waɗanda wannan matsala ta sha wa kai ba. A birnin Faris na Faransa, a 1973 aka gama wani benen ofisoshi mai suna Montparnasse, mai tsawon mita 210, a tsakiyar unguwannin da gidajensu ba su cika wuce hawa shida ko bakwai ba. Mutanen gari suka ƙi jininsa ƙwarai, har a 1977 hukuma ta kafa doka cewa sabon gini a cikin gari kada ya wuce mita 37. Masu son dogayen benaye aka nuna musu unguwar La Défense da ke bayan gari. A 2010 an sassauta dokar a gefen birnin, amma a 2023 majalisar gari ta sake mayar da ita. Benen kuwa yana nan tsaye, domin doka tana hana na gaba ne, ba ta rage wa wanda aka riga aka gina ko taku ɗaya.

A ƙasar Rasha, kamfanin iskar gas na Gazprom ya so ya gina bene mai tsawon kimanin mita 400 daura da tsohon garin San Fitasbag, wanda dā ake kira Leningrad. Mazauna garin da UNESCO suka yi ta ƙorafi, har a ƙarshen 2010 aka janye shirin. Aka kai aikin unguwar Lakhta a bakin teku, nesa da tsakiyar gari, aka ma ƙara masa tsawo ya kai mita 462, ya zama babu kamarsa a duk Turai. Kamfani ya sami benensa, gari kuma ya tsira da fuskarsa. Birnin Libaful na Ingila kuwa bai ji gargaɗi ba, sai a watan Yuli na 2021 UNESCO ta soke sunansa daga jerin wuraren tarihi na duniya saboda sababbin gine-ginen da aka yi da waɗanda aka shirya yi a tsohuwar tashar jiragen ruwansa.

Misalin da ya fi kusa da zukatanmu shi ne na Makka. Duk alhajin da ya sauke farali a 'yan shekarun nan ya ga benen agogon nan na Abrajul Baiti, mai tsawon mita 601, wanda aka gama a 2012. A wurin da yake tsaye dā akwai tudu da tsohuwar ganuwar soja ta Ajyad, wadda Turkawan Daular Usmaniyya suka gina a ƙarni na 18. A farkon 2002 aka rushe ta, har Gwamnatin Turkiyya ta nuna ɓacin ranta. Hujjar hukumomin Saudiyya ba ta wasa ba ce, domin miliyoyin baƙin Allah suna bukatar masauki kusa da Harami. Amma akwai Musulmi da yawa, masana da waɗanda ba masana ba, da suke ganin ginin ya yi wa Ɗakin Allah tsaye a ka fiye da kima. Ba hurumina ba ne in raba wannan gardama. Abin da na ɗauka a ciki shi ne, bukata ta gaskiya ma takan haifar da ginin da za a daɗe ana muhawara a kansa, kuma abin da aka rushe ba ya dawowa.

A gida Nijeriya ma muna da namu tabon. A Ikko, kusa da Dandalin Tinubu, akwai wani gida mai suna Ilojo Bar, ginin salon Barazil na tsakiyar ƙarni na 19, wanda tun 1956 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Ran 11 ga Satumba, 2016, ana jajiberin Babbar Salla, aka sa katafila ta baje shi. Takardar doka ba ta tsare shi ba, domin darajar filin da yake kai ta fi ƙarfin takardar.

Amsar Da Za A Ba Mai Kuɗi

Yanzu sai mu koma ga tambayar abokina game da Kano. Tun zamanin Sarki Gijimasu, a farkon ƙarni na 12, aka fara ginin ganuwar Kano. Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarautar da ake kira da sunansa, ya kafa Kasuwar Kurmi. An sa ganuwar cikin kayan tarihin ƙasa, a 2007 kuma aka miƙa sunanta ga UNESCO cikin jerin wuraren da ke jiran tantancewa. Turawan mulkin mallaka, don wata manufa tasu ta daban, sun ajiye ofisoshi da kantuna a waje, wajen Nasarawa da Fagge da Sabon Gari, shi ya sa manyan benayen Kano irin su Gidan Murtala da Gidan Ado Bayero ba a tsakiyar Birni suke ba. Wannan rabo ya tsare cikin gari tsawon shekaru, amma bai hana ɓarna ba. Badala ta zaizaye, an ɗebi ƙasarta, an yanka fulotai a jikinta. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa a madadinta. Wata gwamnati ta ba da izinin gina kantuna a kewayen Filin Idi, wadda ta gaje ta kuma ta rushe su a watan Yuni na 2023, maganar ta kai gaban Babbar Kotun Tarayya, ta yanke diyyar Naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Dukiyar 'yan kasuwa ta salwanta, kuɗin jama'a ya tafi wajen biyan diyya, duk don ba a tsaya an yanke shawara mai ɗorewa ba tun kafin a aza tubalin farko. Abuja ma ta ga irin wannan a zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake Ministan Birnin Tarayya, daga 2003 zuwa 2007, sa'ad da aka rushe gine-gine masu yawa da sunan komawa kan taswira. Hausawa suka ce tun ran gini ran zane.

To, da ni za a tambaya, zan ce wa mai kuɗin nan ya zauna mu yi lissafi tukuna. A ɗauka, a misali, benen nasa hawa 20 ne, kowane hawa yana ɗaukar ma'aikata 100. Mutum 2,000 ke nan za su shigo da safe su fita da yamma. In rabinsu suka zo da mota, motoci 1,000 ke nan, kuma kowace mota, in aka haɗa da hanyar shiga da juyawa, tana cin fili kimanin murabba'in mita 25. Jimla murabba'in mita 25,000, watau fiye da filin ƙwallo uku. Ina za a sami wannan a unguwar da lungunanta jaki da mai tura kura aka yi wa? Sai an rushe gidaje an faɗaɗa titi, kuma daga nan ne ɓarna take farawa, domin benen da kansa ƙaramin wuri yake ci, hanyarsa da wurin ajiye motocinsa su ne masu cinye unguwa.

Sa'an nan ga maganar gobara, Allah Ya kiyaye. A watan Janairu na 1983 wuta ta kama benen sadarwa na NET a Ikko, mai hawa 32, a watan Janairu na 1985 kuma ta cinye Gidan Koko na Badun, mai hawa 26. Waɗannan a bakin manyan tituna suke, duk da haka 'yan kwana-kwana sun sha wuya. Ina ga benen da motar kashe gobara ba ta da hanyar isa gindinsa?

Ga kuma gilashi. Ginin da aka lulluɓe da gilashi tun daga ƙasa har sama an ƙirƙiro shi ne a ƙasashen da ake marmarin rana. A wurinmu zafi yake tarawa a ciki, sai an yi ta hura masa sanyi da na'ura, na'urar kuma sai da lantarki, lantarkin kuma sau da yawa sai da janareto, hayaƙinsa da ƙararsa kuwa maƙwabta ne za su sha. A waje kuma hasken rana yake mayarwa kan masu wucewa. Ko a Landan, inda rana ba ta da ƙarfi, a 2013 hasken da ya dawo daga jikin wani sabon bene mai lanƙwasa a titin Fenchurch ya narkar da wani sashe na motar da aka ajiye a gefen hanya. Maginanmu na gargajiya sun san maganin rana: katanga mai kauri, ƙananan tagogi, rumfa da inuwa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abu na ƙarshe, wanda a ganina ya fi sauran nauyi a garuruwanmu, shi ne haƙƙin maƙwabci. Gidan Bahaushe a buɗe yake ta sama. Tsakar gida nan ne ɗakin girki, nan ne wurin wanki da shanya, nan iyali suke shan iska da dare lokacin bazara. Zaure da katanga an yi su ne don su tsare idon mai tafiya a ƙasa, ba su da dabarar tsare idon wanda ke zaune a hawa na goma sha biyar. Taga guda a can sama tana iya buɗe asirin gida ɗari. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kan wannan. Wani magini ɗan Tunis mai suna Ibnur Rami, a ƙarni na 14, ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini, inda ya tattara yadda alƙalai suke hana buɗe tagar da ke leƙa gidan maƙwabci, da yadda ake hukunta cutarwar hayaƙi da wari da ƙara. A nan ƙasar Hausa ma, a ƙarni na 19, Alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Halidu ya tattara irin waɗannan mas'aloli don amfanin alƙalai. Ashe dokar tsarin gari ba Bature ne ya fara kawo mana ita ba.

Amma adalci ya hana mu tsaya a nan. Mai fili yana da haƙƙi, kuma ba daidai ba ne a ce wa mutumin cikin Birni ko na tsohon Garki ya zauna cikin talauci da kwata mai wari don baƙi su zo su ɗauki hoto. Birnin Nuyok na Amurka ya sami wata dabara da ya kamata mu duba. Sa'ad da masu tashar jirgin ƙasa ta Grand Central suka so su ɗora mata benen ofisoshi mai hawa 55, hukumar gari ta hana, aka yi ta shari'a har Kotun Ƙolin Amurka, wadda a 1978 ta goyi bayan hukuma. Ɗaya daga cikin dalilan kotun shi ne, dokar garin ta ba mai irin wannan gini damar ɗaukar hawan da aka hana shi ginawa ya kai wani fili na kusa, ko ya sayar wa mai fili a can. Ta haka tsohon gini ya tsira, mai shi kuma bai tashi a tutar babu ba.

Abin Da Ya Rage Mana

Dokoki muna da su. Doka ta 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa. Doka ta 88 ta 1992, ta tsarin birane da yankuna, ta tanadi a riƙa tsara jerin gine-gine masu muhimmancin tarihi don a kare su. Doka ta 86 ta wannan shekarar kuma ta wajabta binciken illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. Aiki da su ne ya yi ƙaranci. Don haka ga 'yan shawarwarina ga hukumomin Birnin Tarayya da na jihohinmu.

Na farko, a fitar da iyakar tsawo ta kowane yanki a rubuce, a buga ta kowa ya gani, kada ta zama abin da ake sasantawa a bayan ƙofa. Birnin Washinton, wanda tsarin tsakiyar Abuja ya yi kama da nasa, tun 1910 yake da dokar da ta ɗaure tsawon gini da faɗin titin da yake kai, shi ya sa har yau ƙubbar majalisarsu ake hangowa daga nesa. A Abuja a tantance wuraren da ake hango Dutsen Aso da wuraren ibadan nan biyu daga cikinsu, a hana kowa tare su. A Kano da Katsina da Zariya da Sakkwato kuwa, a bar cikin ganuwa da tsawon da ya dace da shi, a ware wa dogayen benaye wurinsu a waje, a kai musu titi da ruwa da wuta.

Na biyu, Abuja ta fara rubuta jerin nata kayan tarihi tun yanzu, tun daga tsohon garin Garki da fadarsa, da tsohuwar sakatariya ta Area 1 inda ma'aikatan farko suka zauna, da tsohon filin fareti na Area 10. Ba su da ƙawa, amma daga nan birnin ya fara rarrafe. Mutanen tsohon Garki kuma a yanke musu magana guda, a ba su takardun filayensu, a yi musu lambatu da ruwa, su daina kwana da fargabar katafila.

Na uku, kada a ba da izinin dogon gini sai an kafa hotonsa da ma'auninsa a inda jama'ar unguwa za su gani, an ba su lokaci su faɗi albarkacin bakinsu, a kuma saurari masu unguwanni da dagatai da limamai da shugabannin kasuwa. A dubi ƙasan benen kamar yadda ake duban samansa: shin ya bar wa mai tafiya a ƙasa rumfa da inuwa da kantuna, ko kuwa doguwar katanga ce da waya mai ƙaya da mai gadi?

Na huɗu, a tabbatar mai gini yana da ƙarfin gamawa. Hasumiyar Millennium, mai tsawon mita 170, wadda Manfredi Nicoletti na ƙasar Italiya ya zana, a 2006 aka fara ta a tsakanin Masallacin Ƙasa da Majami'ar Ƙasa, aka kuma shafe fiye da shekara goma sha biyar ba a buɗe ta ba. Ƙaramin gini in aka yi watsi da shi ciyawa takan rufa masa asiri, dogo kuwa duk gari ne yake kallonsa safe da yamma.

Da na raka abokina tashar mota zai koma Kano, na ce masa in mai kuɗin ya zo, kada su kore shi, domin gari yana bukatar dukiyarsa da ayyukan da zai samar wa matasa. Su karɓe shi hannu biyu, su ba shi ruwa ya sha, sa'an nan su kama hannunsa su fita da shi ta Ƙofar Nasarawa, su nuna masa inda benensa zai tsaya ba tare da ya leƙa tsakar gidan kowa ba. Ya yi dariya ya ce zai isar da saƙo.

Masu karatu da ke da ra'ayi a kan wannan batu, musamman magina da masu tsara birane da mazauna tsofaffin unguwanni, ƙofar wannan fili a buɗe take. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Wassalam.